Abin da Ke Cikin Kunun Baba

Asiya, Maryam, ku nake rubuta wa wannan. Kuna makarantar kwana a shekarar da abin ya faru, kuma abin da ya iske ku shi ne abin da dangi suka riƙe har yau: wai bayan manya sun zauna sun yanke cewa Baba ya huta a gida, ni na tsallake maganarsu, na ɗora shi a mota na bi da shi hanyar Kaura, don ina ganin na yi boko. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin mu uku muka san shi a cikin dangi, kuma ɗaya daga cikinmu ya riga mu gidan gaskiya.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Kaura Namoda. Kun san ni. Ni ce mai rubuta waƙa a bayan littafin darasi, mai tsayawa kallon tsohon layin dogo har a yi mini magana sau biyu ban ji ba. Ban taɓa zama mai yanke shawara a gidanmu ba, ko ta miya. Amma da ciwon Baba ya yi tsanani, cikinsa na dama ya ɗaure, idonsa ya soma yin rawaya, sai aka duba cikin gida aka ga ni ce zan iya gane abin da likita zai faɗa. Haka na bi shi muka tafi babban asibiti, tafiyar wuni guda daga Zurmi, inda aka ce mana ciwon daji ne ya kama hanta, kuma ya wuce a yanke. Tsofaffin ɗalibansa na lokacin da yake hedimasta ne suka tsaya masa aka samo wani magani da ake ƙara masa ta jijiya duk sati uku.

Likitan mutum ne marar gaggawa. Ya ce maganin ba shi ne ke kashe ciwon da hannunsa ba, aikinsa ya tashi masu gadin jiki daga barci. Ya ce kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Ya jawo takardar gwajin jini ya nuna mini layi biyu. Ya ce fararen ƙwayoyin jini kashi-kashi ne, amma biyu zan riƙa dubawa. Na farko su ne masu rugawa duk inda aka yi ihu, ko ƙurji ne ko zazzaɓi, kuma idan sun yi yawa wani lokaci ciwon ma yakan fake a bayansu. Na biyu su ne waɗanda suka san fuskar maƙiyi, su maganin yake tasowa. In raba adadin na farko da na biyu. Idan lambar ta zauna ƙasa, akwai kyakkyawan zato. Idan ta riƙa hawa, sau da yawa alama ce maganin bai samu waɗanda zai tasa ba.

"Alama ce, Malama, ba hukunci ba," in ji shi. "Hoton ciki ne ke faɗin gaskiya. Amma ku da kuke nesa, wannan za ta riƙa ba mu labari tsakanin zuwa da zuwa."

Baba yana kishingiɗe yana saurare, ya yi murmushi.

"To Likita, na gane. 'Yan sa-kai da sojoji ke nan. In 'yan sa-kai sun fi sojoji yawa, gari bai zauna ba. Mu da ke Zurmi mi za a hwaɗa muna? Daji a waje, daji a ciki."

Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau. Ni ban yi ba.

Damina ce ta kama mu a wannan zirga-zirga, kuma kun san abin da damina take nufi a hanyarmu. Da gero ya kai kafaɗar mutum, babur goma za su iya tsayawa a bakin titi ba ka gan su ba. Duk zuwa sai an kwana biyu ana tambayar direbobi, wa ya wuce jiya, wa bai iso ba. Muka tsara cewa kafin kowace tafiya za a ɗebi jininsa a gida in kai ɗakin gwaji a Kaura, in ɗauki hoton takardar in tura wa likita ta waya. Zuwa na farko lambar tana huɗu da ɗan wani abu. Kafin na uku ta sauko kusa da uku. Na rubuta ta a bangon littafina kamar baitin da nake tsoron kada ya gudu. Sai dai jikin Baba bai san wannan lissafi ba. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, abinci kuwa loma biyu ya ture kwano.

Masu dubiya ba sa ganin lamba, fuska suke gani. Ina nan ranar da Gwaggo Hajo, yayar Baba, ta zo daga Shinkafi. Ta leƙa shi, ta fito tsakar gida tana gyara mayafi, ta dubi Inna a gaban matan maƙwabta.

"Luba, wanga miji naki kamar ba a aza tukunya gidan ga? Mutum ya koma karan dawa!"

Inna ta ci gaba da tankaɗe, amma na ga garin yana zuba a gefen faifai.

Bayan kamar sati biyu da wannan, na dawo gida ranar Juma'a na tarar da abin mamaki. Baba yana zaune a zaure da kansa, ya share kwanon tuwo, yana tambayar ko akwai saura. Kumatunsa sun ciko. Yana tsokanar masu wucewa. Gidan duk ya sake, har Inna ta yi lalle. Na shiga ɗaki na yi sujada ina kuka. Ranar Litinin aka ɗebi jini, na tsaya a inuwar bishiyar dalbejiya da ke gaban ɗakin gwajin na raba lambobin a waya. Bakwai. Na sake rabawa da biro a tafin hannuna. Bakwai ɗin dai.

Likita ya kira ni da kansa. Ya tambaya ko Baba ya yi zazzaɓi, ko tari, ko ciwon haƙori, ko wani rauni. Na ce babu. Ya tambaya ko yana shan wani magani ban da waɗanda ya rubuta, ko na gargajiya. Na ce ni ke ƙirga masa ƙwayoyinsa, amma bari in tabbatar. Na kira Inna na ce, "Inna, akwai wani magani da ake ba Baba ban da na likita da ke cikin gwangwani?" Ta ce, "Babu. Ko rubutu Malam ya ce a dakata." Na maida wa likita. Ya ce a maimaita gwajin bayan sati. Da aka maimaita, lambar ta haura tara.

A wannan satin ne aka tare mota biyu a hanyarmu, aka shiga daji da mutanen ciki, har da wata mai jego da na sani. Likita ya ce mini alamar ba ta yi masa daɗi ba, amma ba zai ce maganin ya kasa ba sai an yi hoto, hoto kuwa sai an zo. Ya ce an ajiye wa Baba nasa kason na ranar Alhamis, idan ba za mu zo ba in gaya masa a ba wani mai jira.

Ranar Talata Baba Lawali, ƙanin Baba, ya zo. Fataucin shanu yake yi tsakanin Moriki da Shinkafi, babu wanda ya fi shi sanin labarin hanya, kuma ba zan taɓa cewa ba ya son ɗan'uwansa ba. Aka zauna a ɗakin Baba, aka kira ni, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Likitar gidanmu," in ji Baba Lawali, "mi takardarki tac ce?"

"Ta ce alamar ba ta da kyau, Baba."

"Madalla da mai gaskiya. To Yaya, ka ji. In mun bi takarda, magani bai aiki, ba amfanin tahiya. In mun bi ido, ka samu sauƙi, ba amfanin tahiya. Ta ko'ina aka biyo, gida aka iso. Don mi za mu kai ka ga bakin bindiga?"

Baba ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ke mi kika gani?"

Na duba ko'ina cikin kaina ban samu abin da zan kare tafiyar da shi ba. Lambar da na dogara da ita ita ce ta juya mini baya. Na ce, "Abin da Baba Lawali ya faɗa." Aka shafa fatiha. Na ce zan kira likita da safe in sallame shi.

Washegari ban kira da wuri ba, ina ta jan ƙafa. Na shiga madafa in taya Inna, na tarar ta zuba kunun Baba a kofin silba ta juya wa ƙofa baya. Na ji wata 'yar ƙara, kamar ana murƙushe gishiri. Da na matsa, sai na ga ƙananan ƙwayoyi farare guda biyu a kan murfin kwano, tana danne su da bayan cokali. Ta share garin da yatsa cikin kunun, ta juya.

"Inna, mene ne wannan?"

Ba ta ko razana ba.

"Ta cin abinci ce. Ba ki ga yadda yac ciko ba?"

"Na tambaye ki ko ana ba shi wani magani, kika ce babu."

"To ai ba magani ba ce. Magani na mai ciwo ne. Wagga ko amare na shan ta kahin biki, su yi kyau. Sha-ka-fashe ce. Matar Ɗanjuma maƙwabcinmu na ba sautu tas sawo min a kasuwar Moriki."

Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini sauran, har da ɗan alfahari. Na juya bayan takardar na karanta sunan. Na san shi. Na taɓa koya wa ɗalibaina abin da irin wannan ƙwaya take yi wa jiki, a aji, da alli a hannuna, ina gargaɗinsu kada su sha. Na ɗauke kofin daga gabanta, na fita bayan gida inda waya ke kamawa, na kira likita na karanta masa sunan harafi-harafi.

Da na gama sai ya tambaye ni:

"Tun yaushe?"

"Sati huɗu, safe da yamma."

"Malama, wannan ƙwayar tana ƙara na farkon nan, tana rage na biyun. Ita kaɗai ta isa ta kai lambar inda kika gan ta. Kuma waɗanda maganinmu yake tasowa, ita kwantar da su take yi. Cikar fuskar ma tata ce, ba lafiya ba ce."

"Ke nan maganin yana aiki?"

"Ban ce ba. Na ce ba mu sani ba. Jiya muna zaton mun sani, yau ba mu sani ba. Kada ku yanke masa ita lokaci guda, akwai haɗari, sai an riƙa ragewa a hankali. Ina son in gan shi gobe."

Na koma na tarar da Inna tsaye inda na bar ta. Na gaya mata a hankali, da kalmomin da suka fi taushi da na samu. Tana ji tana kallon bakina. Da na gama sai ta zame ta zauna a ƙasa, cikin toka, ta ce, "Ni na kashe shi ke nan?" Na ce ba ki kashe kowa ba. Amma a zuciyata wani lissafi nake yi. In zan warware abin da aka shafa wa fatiha jiya, sai na kawo dalili. Dalilin kuwa shi ne matar Malam ta yi sati huɗu tana zuba wa mijinta ƙwaya a kunu a ɓoye. Kun san yadda wannan magana za ta fita daga zaurenmu, kun kuma san yadda za ta isa Shinkafi. Ba wanda zai tsaya jin ta cin abinci ce.

Inna ce ta ce ita za ta gaya wa Baba da bakinta. Ta shiga ta durƙusa, ni ina bakin ƙofa. Ta faɗa duka ba ta rage ba, har da maganar Gwaggo Hajo.

"Na ji ɗaci cikin kunun tun ranar hwarko," in ji Baba. "Na ce shekara talatin Luba ba ta ba ni abin da zai cuce ni ba, ba yau za ta soma ba. Tashi, bar kukan nan. Uwata, likita ya ce bai sani ba?"

"Ya ce bai sani ba, Baba."

"To ni ban iya mutuwa a kan bai sani ba. A nemo mota. Kuma ku ji ni ku biyu: kada maganar ga ta hita gidan nan."

"Baba Lawali zai tambayi dalili."

"Ki ce ni nac ce."

Amma Baba Lawali bai yarda daga Baba abin ya fito ba, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ya tare ni a zaure da la'asar, ransa a ɓace.

"Jiya da bakinki kika ce takarda ta ce babu. Yau mi yas sake? Takardar ta haihu cikin dare?"

"Na sake tunani ne, Baba."

"Kin sake tunani. Da ran ɗan'uwana kike sake tunani, kamar mai zaɓen atamfa? To ki ji. In aka taɓa shi bisa hanyar ga, a wuyanki yake, duniya da lahira."

Na sunkuyar da kai. Maganar tana bakina, ina jin nauyinta a kan harshe. Na haɗiye.

Da hantsi muka tashi ranar Alhamis, bayan an tara motoci kamar bakwai don a tafi tare. Baba yana gaba an kwantar masa da kujera, ni ina bayansa riƙe da jakar takardu. Gero ya rufe hagu da dama, kore shar, ga iska tana kaɗa shi, abin da a da zan ce a tsaya in kalla. Ranar kowane motsin ganye mutum ne a idona. Wajen Birnin Tsaba motar gaba ta taka birki, duk muka tsaya. Direbanmu ya kashe inji ya leƙa. Can gaba, inda wata burtali ta ratsa titi, babura suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, kowane da mutum biyu ko uku, fuskoki a naɗe. Na ƙirga har goma sha ɗaya na daina. Wata tsohuwa kusa da ni ta kama hannuna tana salati ba sauti. Na dubi ƙeyar Baba, na ga jijiyar wuyansa tana bugawa, na ce a raina, ni na kawo shi nan, a kan lambar da ban ma san me take nufi ba. Na ƙarshen masu baburan ya tsaya a tsakiyar titi, ya juyo ya dube mu. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ya tayar da babur ya bi 'yan'uwansa. Muka ƙara kusan rabin awa ba wanda ya motsa, kafin motar gaba ta ja.

Baba bai juyo ba. Ya miƙo hannu ta gefen kujera, na kama. Tafinsa ya jiƙe sharkaf.

A asibiti aka yi hoto. Ƙarin bai ƙaru ba, likita ya ce har ya ɗan ja baya ta gefe guda. Ya tsara yadda za a janye ƙwayar a hankali, aka ci gaba da magani. Bayan an gama janyewa aka gwada jini a Kaura, lambar ta dawo ƙasa da huɗu. Amma da ƙwayar ta bar jikinsa, kumatun suka tafi da ita. Ya koma ramammen da yake, har ya fi. Kowa ya gani da idonsa: mutum ya samu sauƙi a gida, 'yarsa ta ja shi hanya, ya dawo ya lalace. Inna tana zaune ana faɗin haka a tsakar gidanta, tana ba masu faɗin hakan ruwan sha.

Wata goma sha huɗu Baba ya ƙara. Ya ga an yanke geron wannan shekara da na mai bi mata, shi ya karɓi sadakina da hannunsa, kuma kun samu hutu uku tare da shi. Daga baya lambar ta soma hawa da gaske, ba kunu ba komai, hoto kuma ya tabbatar. Wannan karon shi ya ce ya isa, ni kuma ban ja ba. Ban sani ba ko watannin nan maganin ne ya ba shi su, likita ma bai rantse ba. Kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne ba mu bari a kan kuskure ba.

Ranar sadakar uku Baba Lawali ya shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa. Ɗakin cike da mata. Bayan ya yi addu'a ya miƙe, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Allah shi jiƙan Yaya. Da an bar shi ya huta, da hanya ba ta ƙarasa shi ba." Na ji Inna ta motsa kusa da ni. Ta dafa ƙasa za ta tashi, bakinta ya buɗe, na ga maganar ta taho. Na sa hannu ta ƙarƙashin hijabi na riƙe bakin zaninta, na ja. Ta dube ni, na dube ta. Ta koma ta zauna.

Har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa, kuma duk sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Ba na so ku canza masa fuska, ba na so ku kai masa wannan takarda, ko Gwaggo Hajo. Inna ta san ina rubutawa, ita ta ce in sa har da zamanta cikin toka. In kun gama karantawa ku je ku zauna kusa da ita, ba sai kun ce komai ba. Baba ya ce kada maganar ta fita daga gidan nan, kuma ba ta fita ba. Ku 'yan gida ne.